Jinin Gidan Ydem

A garinmu, Santa Brigida, sunan gidan kowa da harafin B yake farawa. Ba abin alfahari ba ne, kowa ya san yadda aka yi. Zamanin da Kastila, Turawan Sifaniya, suke mulkinmu, sun gaji da rubuta mutum arba'in masu suna iri ɗaya, sai aka aiko da littafin sunaye daga Manila, babban birnin ƙasarmu, kowane gari da shafinsa. Mu shafin B ne ya faɗo mana. Aka tara kakanninmu a filin coci, aka bi layi ana raba musu suna kamar rabon iri. Shi ya sa mai gyaran babur Buenaflor ne, mahaucin aladu Barrameda, mu kuma da muke busar da kifi a bakin teku, Bermudo.

Gida ɗaya ne ya fita daban, gidan Ydem, inda na yi aure shekara talatin da shida da suka wuce. Kuma yayar mijina, Donya Bising, ba ta taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

"Ku aka ba ku suna," haka take cewa. "Mu da namu muka zo. Don Gervasio Ydem a cikin jirgin ruwa ya sauko da shi. In ba haka ba, a ina kuka ga Y a shafin B?"

Gaskiya kuwa babu Y a shafin B. Don da Donya kuma laƙabin manyan Kastila ne.

Donya Bising shekarunta tamanin da ɗaya, ba ta taɓa aure ba, wai duk lardin ba ta ga wanda ya kai ba. Rana ba ta taɓa ganin tsakiyar kanta ba, ko shanya za ta kwaso sai da laima. Kalmomin Sifaniyanci da ta sani, na ƙirga, goma sha ɗaya ne, kuma shida daga ciki zagi ne. Duk jaririn da aka kawo mata ta sa wa albarka sai ta matse masa hanci da yatsu biyu don ya tashi tsaye, har iyayen yara suka riƙa sauya hanya. Nata hancin, tsakani da Allah, da nawa ba su da maraba. Amma ita ta ce nata da na zanen falo yake kama, wani tsohon zane da hayaƙin kyandir ya cinye, ba ka ganin komai a ciki sai duhu da maɓallin riga ɗaya. Wai shi ne Don Gervasio.

Mijina Onsoy, Allah ya ji ƙansa, bai ɗauki wannan magana da zafi ba. Malamin firamare ne, mai son dariya da ganyen gwaza da aka dafa da madarar kwakwa, barkono ya ji. In yayarsa ta fara tarihin jirgin ruwa sai ya ƙifta min ido ya ce, "Panyang, miƙo wa jikan Kastila kifin nan na gidanku." Ba mu haihu ba. Da ya rasu, shekara biyu ke nan, aka bar ni da ita a gidan, ni ce mai girki, ni ce mai shafa mata man zafi a gwiwa, kuma har lokacin ba ta daina kirana "ke 'yar Bermudo" ba.

Duk wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kabari.

Gidan Ydem suna da ɗakin kaburburansu a maƙabarta, ginin dutse mai ƙofar ƙarfe, gurabu takwas a bango. Shida sun cika, Onsoy ne na shida. Ɗaya na Donya ne, ta riga ta sa an sassaƙa sunanta. Na takwas, wanda ke jikin na Onsoy, babu kowa a cikinsa, kuma babu sauran wani Ydem a duniya da zai shiga. Makullin ƙofar yana rataye a wuyan Donya tare da gicciyenta. Wanda ba shi da ɗakin gida, jerin gurabun haya na bangon baya ake kai shi, shekara biyar, in babu ɗa ko jika da zai sabunta sai a kwashe ƙasusuwansa a buhu a ba wani wurin. Ni kuwa likita ya riga ya saurari ƙirjina ya yi shiru irin wanda ba na so. Ba na tsoron mutuwa sosai. Buhun nake tsoro, kuma ina son in kwanta kusa da mijina.

Ranar ziyarar matattu, ɗaya ga Nuwamba, maƙabarta ta cika maƙil, kowa ya zo da tukunyarsa da kyandir da rediyo. Muna zaune a bakin ɗakin, na zuba mata shinkafa, na daure na ce, "Manay, ina da magana." Manay muke ce wa babbar yaya.

"Ina jin ki."

"Gurbin nan na jikin Onsoy. In tawa ta zo..."

Ta ajiye cokali. "Wurin nan na jini ne."

"Uwarku fa? Ai ita ma aurowa aka yi."

"Mama 'yar ƙanen kakanmu ce. Jini ne ya auri jini."

"To wa zai shiga, Manay? Daga ke babu sauran kowa."

"Sai ya zauna haka. Iska ma tana bukatar wuri." Ta ɗauki cokalinta. "Gishiri ya yi yawa a miyar nan. Hannunku na bakin teku ba ya jin magana."

A raina na zage ta da duka kalmomi shidan nan nata.

Makonni uku bayan haka guguwa ta zo ta yaye rufin ɗakin ajiya na coci, ruwa ya jiƙa tsofaffin littattafan rajista, na baftisma da na aure da na mutuwa. Limamin cocinmu, Fada Anselmo, mutum ne mai tumbi da son tsofaffin takardu, ya yi karatu shekara huɗu a Sifaniya. Ya kusa kuka. Ya roƙi matan zumunta mu zo mu taya shi shanya, aka baza tabarmi a barandar gidansa, kowace da littafinta tana buɗe shafi a hankali tana fifita.

Nawa littafin ya fi na kowa tsufa. Rubutun duk ƙugiya-ƙugiya, ba na gane komai, sai can idona ya faɗa kan kalmar da na sani. Ydem. Ƙasa da ita, ydem. Na bi layin da yatsa, ydem, ydem, ydem, har ƙarshen shafi. Na juya, nan ma haka. Na ce ashe matar nan gaskiya take faɗa, har ma ta rage, rabin garin nasu ne.

"Fada," na ce, "ashe ba jirgi ɗaya ba ne ya kawo su."

"Su wa, Manay Panyang?"

"'Yan gidan Ydem. Duba, ko kaza ba ta yin 'ya'ya haka."

Ya leƙo, ya gyara tabarau, sai ya fashe da dariya har tumbinsa yana rawa. "Wannan ai ba suna ba ne. Lalacin akawu ne. In abu ya maimaitu, maimakon ya sake rubutawa sai ya sa ydem. Ma'anarsa, kamar na sama."

"Kamar me?"

"Kamar na sama. Kin ga nan an rubuta sunan gari, to duk na ƙasa garinsu ɗaya, shi ke nan." Yana cikin dariyar sai ya tsaya, ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Yesu, Maryamu, Yusufu."

Ba mu ce wa sauran matan komai ba. Muka ja littafin gefe, ya riƙa buɗewa yana lasar leɓe, har muka kai shekarar da aka raba sunaye. Ga shi nan, layi biyu a jere. Na sama, Crispulo Bermudo. Na ƙasa, Gervasio, ƙanensa, ydem. Wani akawu da ya zo daga baya ya kwafe shi haka, ya zaci suna ne, tun daga ranar aka samu gidan Ydem.

Crispulo Bermudo kakan kakana ne. Sunansa yana jikin tsohon kwale-kwalen gidanmu.

"Wannan na gefen fa?" na ce, domin akwai wani rubutu a gaban sunan kowannensu.

"Nan asalin mutum ake sawa da sana'arsa. Crispulo, indio." Wannan ba sai ya fassara min ba. Da shi Kastila suke kiran ɗan ƙasa, kuma yana cikin zagi shida na Donya, da shi take kiran mai kawo mana gawayi. "Indio, mai ɗebo wa gidan Fada ruwa. Gervasio kuma..." Ya ɗan yi tari. "Ydem, ydem."

Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba tun da aka binne Onsoy. Daga coci ban je gida ba, bakin teku na zarce wurin yayana Busyo, na same shi yana juya kifi a kan raga, ba riga, ba takalmi. Na ba shi rabin labarin kawai, na sunan. Ya yi dariya har ya zauna a kan yashi.

"Kamar na sama! Wato mu ne na saman? Shekara nawa tsohuwar nan tana toshe hanci in na wuce? Panyang, ranar da za a gaya mata, in ba ki kira ni ba, ba ni ba ke."

"Lahadi da yamma, Manoy. Ka sa riga." Manoy muke ce wa babban wa.

Na shirya abina tsaf. Na ce wa Donya Fada ya gano Don Gervasio a littafin coci, yana son ya zo ya karanta mata da bakinsa. Matar nan ba ta iya cin abincin rana ba don murna. Ta sa na fito da kofunan tangaran da ba a taɓa sha da su ba, na dama cakulan mai kauri, ta gayyato ƙawayenta biyu na kujerar gaba a coci don su zama shaida. Ni ma shaidun nake so. Niyyata a karanta layin nan tun daga farko har ƙarshe, da ruwan da aka ɗebo da komai, in ga inda za ta sa fuskarta. Gurbin na riga na fid da rai, na ce to in buhu ne rabona, ita ma ba za ta shiga nata tana jikar Don ba.

Da ta ga Busyo a bakin ƙofa, sanye da farar rigar da ya yi aure da ita, maɓalli ɗaya ya ƙi shiga, ta ce, "Wannan kuma me ya kawo shi? Ba mu yi odar kifi ba."

"Tarihi na zo ji, Donya," ya ce, ya zauna a kujerar da ta fi kyau.

Fada Anselmo ya ajiye littafin a tebur a gabanta, gumi yana keto masa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi bayanin akawu da wahalar tawada da tsadar takarda a wancan zamani, har ɗaya daga cikin ƙawayen ta fara gyangyaɗi. Na ce, "Fada, ka karanta mana." Ya sa yatsa ya karanta sunaye biyun, ya faɗi ma'anar kalmar.

Ƙawayen suka dubi juna. Busyo ya cika kumatu da dariya yana jira.

Donya ta sa tabaranta, ta sunkuya kan shafin. Ta daɗe. Ina kallon idonta yana bin layin, ya wuce sunan, ya isa gefen. Ba ta iya karanta rubutun nan ba, amma kalmar nan ɗaya, indio, ta san ta. Na ga lokacin da ta gan ta.

Ta ɗago, ta cire tabarau. Muryarta ko gezau.

"Ashe su biyu ne," ta ce.

"Su wa, Donya?" in ji Fada.

"A jirgin. Wa da ƙane. Don Crispulo da Don Gervasio. Kakata ta sha faɗa cewa akwai wani ɗan'uwa da ya ɓace wajen teku, mun zaci nitsewa ya yi." Ta juya ta ƙura wa Busyo ido, ta karkata kai. "Dubi goshinsa. Ku duba fa. Ni dai na sha cewa a raina, mutumin nan tafiyarsa ba ta masu kifi ba ce."

Na dubi yayana ina jiran dariyar ta fashe. Ba ta fashe ba. Kumatun suka sauka a hankali. Ya gyara zama, ya miƙe baya, ya kai hannu ya shafa goshin.

"To... gaskiya," ya ce, "babanmu ma dogo ne."

"Manoy!" na ce.

"Ƙarya na yi? Ba dogo ba ne? Kuma akwai wata gwaggonmu mai ido kamar ruwan zuma."

"Ciwon ido ne da ita!"

"Kin ji ko," Donya ta ce wa ƙawayenta. "Jini ba ya ɓuya. Panyang, ƙara wa Don Tiburcio cakulan."

Tiburcio ne sunan Busyo na baftisma, rabon da wani ya kira shi da shi tun yana aji uku. Ya miƙo kofi ya ɗaga ƙaramin yatsa.

Fada Anselmo mutum ne mai gaskiya, abin ya dame shi. Ya goge wuya ya ce, "Ku yi haƙuri, ban gama ba. Akwai sauran layin, inda aka rubuta asalinsu da..."

"Bari in gyara zama," Donya ta katse shi.

Ta kai hannu wuyanta kamar mai jin zafi, ta ciro sarƙar ta kai. Da ƙyar ta zare makullin daga jikin gicciyen. Ta ajiye shi a kan shafin, daidai kan rubutun gefen, ta rufe shi ruf. Ba ta dubi Fada ba. Ni ta duba.

"Na tsufa da ɗaukar nauyi a wuya," ta ce. "Ɗakin nan yana son shara. Gurbin jikin Onsoy duk yanar gizo. Tunda na jini ne, mai shi ta je ta gyara abinta."

Ƙawayen ba su gane komai ba, ɗaya ma cewa ta yi, "Allah sarki." Busyo yana can yana leƙen fuskarsa a bayan cokali. Mu uku ne muka san cinikin da ake yi a kan teburin. Fada ya dube ni ta saman tabarau, yatsansa yana gefen makullin, kalma ɗaya yake jira daga bakina.

Shekara talatin da shida na wanke wa gidan nan kwano. Na yi jinyar uwarsu har ta cika a hannuna, na rufe wa ɗansu ido. Duk wannan bai saya min faɗin tabarma a ɗakin nan ba, sai yau da aka ƙirƙiro min kaka Bature. Ina so in ce, karanta, Fada, karanta da ƙarfi, kakanmu ruwa yake ɗebowa, kuma da shi da ƙanensa babu wanda ya taɓa hawa jirgin da ya fi kwale-kwale. Maganar ta zo har bakina. Sai na tuna bangon baya da buhu.

Na miƙa hannu na ɗauki makullin, da ɗaya hannun na rufe littafin.

"Fada, cakulan ɗinka zai huce," na ce. "Sauran duk ruwa ya ɓata shi, ba ya karantuwa."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki kofinsa.

Kafin Laraba labari ya gama gari. Busyo ya sa an rubuta Don Tiburcio a jikin kwandunan kifinsa, ya daina gaisawa da mahaucin aladu. Matarsa ta sayi laima. 'Yan Bermudo na ƙauyen tudu, waɗanda ko a biki ba mu ganinsu, suka aiko a tambaya ko akwai wani fili da aka bari a Sifaniya. Fada Anselmo ya kulle littafin a akwati, ya ce danshi ne yake gudu, kuma tun ranar in na je coci karɓar Jibin Ubangiji ba ya haɗa ido da ni, ni ma haka.

Ranar Alhamis da safe na ɗauki tsintsiya da bokiti na tafi maƙabarta. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da na sa masa man kwakwa. Na share gurbin, na wanke shi, na zauna a ƙasa na gaya wa Onsoy duk yadda aka yi. Na ce masa na samu wurin, kuma na ji kunyar yadda na same shi, in yana da abin cewa ya bari sai na zo.

Da na dawo gida Donya tana zaune a baranda, an jiƙa mata ƙafa a ruwan ɗumi. Ta dube ni da bokitina, ta matsa gefe a kan bencin, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kin dawo, ƙanwata? Zo ki zauna, rana ta yi zafi. Kada ki ƙara fita babu laima, irinmu fatarmu ba ta ɗaukar rana."

Na san ƙarya ce, ita ma ta san na sani. Na zauna. Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne daɗin da na ji da ta ce ƙanwata.